Hoton Tsintuwa: Ladabin Tura Hoto da Ambaton Mai Shi

A al'adarmu, wanda ya tsinci akuya a bakin gona ba ya ɗaure ta a gidansa ya ce tasa ce. Yakan kai ta wurin mai unguwa a yi cigiya. Amma idan muka tsinci hoto a Facebook ko WhatsApp, yawancinmu mukan tura shi nan take, ba mu tambayi wanda ya ɗauka ba, ba mu san inda aka ɗauka ba. Wannan darasi ya shafe mu masu hidima ƙwarai, domin abin da fasto ko dattijo ya tura a zauren ikilisiya, jama'a sukan karɓe shi ba tare da shakka ba.

Kowane hoto yana da mai shi

Kowane hoto yana da mutum biyu a bayansa: wanda ya ɗauka, da wanda aka ɗauka. Dukansu suna da hakki a kanmu.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023, ta kare hoto kamar yadda ta kare littafi da waƙa. Kariyar hoto takan kai shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi ga jama'a. Dokar ta ba wanda ya yi aikin ikon a ambaci sunansa, da ikon ƙin yarda a sauya aikinsa ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci. Mu lura da abu biyu. Kasancewar hoto a intanet bai mai da shi na kowa da kowa ba. Ambaton suna kuma daban, neman izini daban. Idan za mu buga hoton wani a kalandar da za a sayar, ko a jikin rigar taron zumuntar mata, rubuta sunansa kaɗai bai isa ba, sai ya yarda.

Darasi daga Anka da Bukkuyum

A watan Maris 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Sanadin shi ne gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 ne suka rasu. Daga baya wani mai ɗaukar hoto ɗan Birtaniya, Marcus Bleasdale, ya ɗauki hotuna a Bagega, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da su a 2012 da sunansa da sunan wurin. Matasan da suka yi gangamin ceto Bagega sun matsa wa gwamnatin tarayya lamba, har aka saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar a farkon 2013.

Me ya ba waɗannan hotuna ƙarfi? An san wanda ya ɗauka, an san ƙauyen, an san lokacin. Duk mai shakka yana iya zuwa Bagega ya gani da idonsa. Hoto mai suna shaida ne da za a iya yi wa tambaya. Hoto marar suna kuwa, kowa yana iya sa masa maganar da yake so.

Idan aka cire sunan

Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a ranar 14 ga Afrilu 2014, hoton wata yarinya mai hawaye ya zagaye duniya a matsayin ɗaya daga cikinsu. Ba 'yar Chibok ba ce, ba ma 'yar Nijeriya ba ce. Wata Ba'amurkiya mai suna Ami Vitale ce ta ɗauki hoton a Gini Bisau a 2011, hawayen kuma da kwamfuta aka ƙara shi. Masu turawa da kyakkyawar niyya suka yi, amma an zalunci mutum uku: mai hoton da aka ɗauki aikinta ba izini, yarinyar da aka laƙaba wa masifar da ba ta same ta ba, da iyayen Chibok da aka jingina kukansu na gaskiya a kan abin da ba gaskiya ba.

Misali na biyu ya fi kusa da mu. A ranar 2 ga Yuli 2010 wata tankar mai ta kife ta kama wuta a garin Sange, a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, fiye da mutum 200 suka mutu. Shekaru da yawa bayan haka an yi ta yaɗa hoton gawawwakin ana cewa Kiristoci ne aka ƙona a Nijeriya. Masu bi da yawa sun tura shi da neman addu'a.

A watan Yuni 2018, lokacin kashe-kashen gundumar Gashish a Jihar Filato, hotuna masu tayar da hankali sun cika Facebook. Binciken BBC ya nuna cewa ɗaya daga cikin bidiyoyin a Kwango Barazabil aka ɗauke shi tun 2012, wani hoton jariri kuma ya riga rikicin fitowa da watanni. A ranar 24 ga Yuni aka tare hanya aka fito da matafiya daga motoci aka kashe su. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi magana saurin tafiya.

A yankin da 'yan bindiga suka addaba, inda Kiristoci suke zaune a tsakiyar maƙwabta Musulmi, hoto ɗaya na ƙarya daga wayar shugaban ikilisiya yana iya rushe zaman lafiyar shekaru. Dokoki Goma sun hana sata, sun kuma hana shaidar zur. Hoton tsintuwa yana iya jefa mu cikin laifin biyu a lokaci ɗaya.

Mutuncin wanda ke cikin hoton

A 2024 Gummi ta ga ambaliya a watan Agusta, ta kuma ga kifewar kwale-kwalen manoma a watan Satumba, inda mutane da yawa suka rasu. A irin wannan rana kowa da waya a hannu. Sai mu tambayi kanmu: da ɗana ne aka tsamo daga gulbi, zan so mahaifiyarsa ta fara ganinsa a WhatsApp? Kada mu tura fuskar mamaci. Kada mu tura hoton yaro sai da yardar iyayensa. Gwauruwar da muka kai wa buhun gero ba ta sayar mana da fuskarta ba. Wanda ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa, ko wanda zai shiga hatsari idan an gane shi, a ɓoye fuskarsa da sunan ƙauyensa.

Abin da za mu riƙa yi

1. Kafin mu tura, mu tambayi wanda ya aiko mana: wa ya ɗauka, a ina, yaushe? Idan ya ce shi ma turo masa aka yi, hoton ya tsaya a wurinmu.
2. Mu bincika da Google Lens ko TinEye. Sukan nuna inda hoto ya taɓa fitowa. Dubawa da Africa Check ma suna tantance irin waɗannan hotuna.
3. Mu rubuta a ƙarƙashinsa: Hoto, sunan mai shi, wuri, shekara. Rubuta "daga Facebook" ba ambato ba ne, kamar a ce an sayi riga "daga kasuwa" ne alhali ana tambayar sunan tela.
4. Kada mu yanke ko goge sunan da ke jikin hoto.
5. Don majigin wa'azi ko takardar sanarwa, mu nemi hoto a Wikimedia Commons. Yawancinsu suna da lasisin Creative Commons, wanda ya yarda a yi amfani da su kyauta muddin an cika sharaɗin da mai shi ya sa, galibi ambaton sunansa.
6. Hoton da na'ura ta ƙirƙira, mu faɗa a fili cewa ba na gaske ba ne.
7. Idan hoton da aka tura ya zama ƙarya, a goge shi, a kuma yi gyara a zauren da aka tura shi.

Wannan ladabi daga gida yake farawa. Saurayin da ke ɗaukar hoto a kowane baftisma da ɗaurin aure, da wayarsa da kuɗin datarsa, ya cancanci a ambaci sunansa a sanarwa. Yaba kyauta tukwici.

Tambayoyin nazari

1. Mene ne bambancin ambaton suna da neman izini?
2. Wani dattijo ya tura hoton hari a zauren ikilisiya, ka gano tsohon hoto ne daga wata ƙasa. Yaya za ka gyara ba tare da ka kunyata shi ba?
3. Rubuta ƙa'idodi biyar na tura hoto da majalisar dattawan ikilisiyarku za ta iya amincewa da su.