Doya Ɗaya, Iri Ashirin

A taron zubinmu na Tudun Wada wata baiwar Allah ta ce tana son rance daga asusu don ta sayi irin doya, amma tsadarsa ta sa jikinta ya yi sanyi. Na ce mata: "Yaya, kada ki ci bashi mai nauyi. Doya biyu ko uku sun ishe ki, in kin iya yankawa."

Wannan dabara ba tawa ba ce. Masu binciken aikin gona a Umudike da Ibadan ne suka fito da ita tun wajen 1980. Sirrin yana jikin ɓawo, domin daga nan tsiro ke fitowa. Duk yankin da ba shi da ɓawo, ruɓewa zai yi.

Ga yadda ake yi. Ki zaɓi doya mai lafiya, marar tabo, wadda ta fara tsiro. Ki wanke wuƙa mai kaifi, ki yanka ta fai-fai, sannan ki raba kowane fai gida-gida, kowane yanki kamar girman ƙwan kaza, wato wajen giram 50. Doya mai kilo ɗaya za ta ba ki kusan 20. Ki ware na kai daban, don ya fi na tsakiya da na gindi saurin tsiro.

Sai ki barbaɗa tokar murhu a duk inda wuƙa ta taɓa, ki shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu. Kada ki tsallake wannan! Ni a shekarata ta farko gaggawa ta ɗebe ni, na yanka na binne a ranar, fiye da rabi ya ruɓe. Kuɗin zubina ne ya tafi a banza.

Bayan nan ki jera su cikin garin katako ko yashi mai danshi, ba jagab ba. Cikin mako biyu zuwa huɗu za ki ga tsiro. Idan ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni a nan Zariya, sai ki dasa a kunya. In tsakar gidanki ƙarama ce, buhun da aka huda gindinsa aka cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki ya wadatar. Ki kafa sanda yaɗon ya hau, ki kare shi daga awaki.

Amma fa mu gaya wa juna gaskiya: ƙaramin yanki ƙaramar doya yake haifarwa. Abin da za ki tono bayan ganye ya bushe, wajen Nuwamba ko Disamba, yawancinsa iri ne. Shi za ki shuka ɗungurungum baɗi ki sami manya, ko ki sayar wa manoma. Don haka kada ki ɗora biyan rancen wata uku a kan wannan doya. Ki biya daga sana'arki ta kullum, ki bar doya ta yi kwanakinta.

Allah ya ba mu damina mai albarka.