Tsohuwar A-kori-kura: A Maido da Ita Yadda Ta Fito ko a Sauya Mata Fasali?

Duk wanda ya mallaki a-kori-kurar da ta haura shekara hamsin, ranar da ya tashi gyara ta sai ya zaɓi ɗayan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ya maido da ita daidai yadda ta fito daga masana'anta, da injinta na asali, da launin fentinta, har da irin notunan da aka ɗaure ta da su. Ta biyu ita ce ya sauya mata fasali, ya sa mata inji da birki da kujeru na zamani, ya bar siffar jikinta kawai ta riƙa tuna wa mutane zamanin da aka ƙera ta. A Amurka, inda sha'awar tsofaffin motoci ta zama babbar kasuwa, kowace hanya tana da ƙungiyoyinta, da tarukanta, da masana'antun da ke ƙera mata kayan gyara. Abin da ya sa zaɓin yake da nauyi shi ne, mota sau ɗaya take zama ta asali, kuma wasu sauye-sauyen idan aka yi su ba a iya warwarewa.

Motocin da ake magana a kansu

Kamfanin Ford ya fara sayar da a-kori-kura haɗaɗɗiya daga masana'anta a 1925, a kan motarsa samfurin Model T, kan dala 281. Amma waɗanda masu sha'awa suka fi nema a yau su ne na bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Chevrolet ya fito da jerin Advance Design daga 1947 zuwa 1955. Ford ya fara jerin F a 1948, sannan a 1953 ya kawo F-100, wadda ta ci gaba da fitowa har 1983. Daga baya Chevrolet C10 ta 1967 zuwa 1972 ta zama wadda aka fi rububi.

Waɗannan motoci an ƙera su ne domin gona da dako. Manomi ya saye ta, ya yi ta loda mata taki da hatsi, idan ta gaji ya jingine ta a bayan gida. Shi ya sa samun wadda ba a taɓa canza mata komai ba yake da wuya, duk da cewa an ƙera su da yawan gaske. A jihohin arewacin Amurka kuma ana zuba gishiri a kan titi domin narkar da ƙanƙara, gishirin kuwa yana cinye ƙarfe. Saboda haka masu saye suke bin jihohi masu busasshiyar iska kamar Arizona da Kalifoniya, inda bodi yake daɗewa tsatsa ba ta huda shi ba.

Maido da ita yadda ta fito

Aikin maidowa yana farawa ne da bincike kafin a ɗauki sifana. Kowace mota tana da lambar shasi da allon bayani da kamfani ya manna mata. A C10 akwai takarda a cikin murfin akwatin gaban fasinja, mai jera duk abin da aka haɗo motar da shi. A Ford kuma allon jikin ƙofa yana nuna launi, da irin giya, da irin gatarin baya. Daga nan ake gane ko injin da ke ciki shi ne nata, ko kuwa wani ne aka dasa mata a wata shekara.

Cikakken aiki yana nufin a ɗaga bodi daga kan shasi, a kwance komai, a yi wa kowane ƙarfe hoto da lamba. Ana kankare shasi har sai ƙarfe ya bayyana, a yanke wuraren da tsatsa ta ci, musamman ƙasan ɗakin direba da kusurwoyinsa na baya, a yi waldar sabon ƙarfe. Ana tayar da inji da sababbin fistin da bawul. Gindin akwatin kaya na yawancin tsofaffin katako ne da sandunan ƙarfe a tsakani, shi ma sai a sake shi yadda yake. Walda da shirya jiki kafin fenti su ne suka fi cin lokaci da kuɗi, kuma ba abin mamaki ba ne aikin ya ɗauki shekaru idan mutum yana yin sa a lokacin hutunsa.

Masu wannan hanya suna da alƙalansu. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta AACA, wadda aka kafa a 1935, tana karɓar motar da ta kai shekara 25, kuma alƙalanta suna farawa da maki 400, suna ragewa a kan duk abin da ya saɓa wa yadda kamfani ya fito da motar. Babban taronta na Hershey a jihar Pennsylvania, a watan Oktoba, ya haɗa da kasuwar tsofaffin kayan gyara da mutane ke zuwa daga ƙasashe da dama.

Wanda ya maido da mota yadda take ya maido da ita har da gazawarta. Chevrolet ta farkon shekarun 1950 tana da inji mai silinda shida na lita 3.5, mai ƙarfin doki kusan 90, kuma an tsara giyarta domin jan kaya, don haka da ta wuce kilomita 80 a awa sai inji ya fara kuka. Lantarkinta mai ƙarfin bolt 6 ne, fitilu ba haske sosai. Birkinta na ganga ne a duk ƙafafu huɗu, kuma bututun man birki ɗaya ne, idan ya fashe birki ya tafi gaba ɗaya. Babu bel ɗin kujera, sitiyari kuma sai da ƙarfin damtse. Har zuwa 1972 tankin mai na C10 yana cikin ɗakin direba, a bayan kujera. Irin wannan mota ta dace da baje koli da ɗan yawon ƙarshen mako, amma babban titin zamani yana wahalar da ita.

Sauya mata fasali

Al'adar sauya wa mota fasali ta bunƙasa a kudancin Kalifoniya bayan yaƙi, lokacin da matasa da suka koyi kanikanci a soja suka riƙa sayen tsofaffin Ford da araha suna ƙara musu gudu. Mujallar Hot Rod ta fara fitowa a 1948. Amurkawa 'yan asalin Meziko a Los Angeles kuma suka kawo salon sauke mota ƙasa-ƙasa da yi mata fenti mai zane. A yau baje kolin SEMA da ake yi a Las Vegas kowace shekara shi ne babbar mahaɗar masu ƙera irin waɗannan kaya.

Sauyin da aka fi yi shi ne na inji. Shekaru da dama ƙaramin V8 na Chevrolet, wanda ya fara fitowa a 1955, musamman mai lita 5.7, shi ne zaɓin kowa. Yanzu jerin injinan LS ya karɓe wurin. Ya fara fitowa a motar Corvette a 1997, ya shiga a-kori-kura a 1999, kuma ana samun mai lita 5.3 da araha a wurin masu sayar da motocin da suka yi hatsari. Ƙarfinsa ya ninka na tsohon mai silinda shida kusan sau uku, kwamfuta ce ke raba masa mai maimakon kafireta, yana tashi da safe ba gardama. Ana haɗa shi da giya mai ƙarin mataki domin doguwar tafiya. A ƙafafun gaba ana dasa tsarin motar Mustang II ta 1974 zuwa 1978, a F-100 kuma da yawa suna sa na Crown Victoria ƙirar 2003 zuwa sama. Sai birkin faifai, da sitiyari mai taushi, da na'urar sanyaya ɗaki, da jakunkunan iska da ke ɗaga mota ko su sauke ta. Sabon salo shi ne na lantarki: a 2021 Ford da kansa ya nuna F-100 ƙirar 1978 mai injinan lantarki na Mustang Mach-E.

Haɗarin wannan hanya yana cikin rashin daidaita sassa. Sabon inji mai ƙarfi a kan tsohon birkin ganga ya fi motar asali hatsari. Ƙarin ƙarfi yana buƙatar lagireto babba, da gatarin baya mai jurewa, da shasin da aka ƙarfafa. Idan aka yanke shasi domin sauke mota, ingancin waldar nan shi ne ke riƙe da ran direba. Wanda ya sare rufin ɗakin direba ko ya datse shasi ba tare da tsari ba yakan tarar garin gyaran gira ya rasa ido, domin ƙarfen da aka yanke ba ya komawa na asali.

Hanyoyin tsakiya

Mutane da yawa suna tsayawa a tsakani. Suna barin siffar waje yadda take, su sabunta abin da ido ba ya gani. Mafi sauƙin irin wannan gyara duk na notuna ne, ana iya kwance shi: birkin faifai a gaba, da bututun birki biyu, da bel, da lantarki mai bolt 12, da mayar da tanki ƙarƙashin akwatin kaya. Ko motar asali tana buƙatar wasu gyare-gyaren saboda man fetur ya canza. An daina sa masa dalma, wadda take kare mazaunin bawul, don haka ake dasa mazauni mai tauri. Sinadarin etanol da ake haɗawa da fetur a Amurka kuma yana lalata tsofaffin robobi.

Akwai kuma masu ganin motar da ta rayu da fentinta na farko bai kamata a sake mata fenti ba. Sukan gyara inji da birki, su wanke jiki, su tsayar da tsatsa, su bar koɗewar launi da rubutun sunan gona ko shagon da ke jikin ƙofa. AACA tana da rukuni na musamman domin irin waɗannan motoci. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, a cikin Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, ta ba da shawarar cewa sauyin da ya zama dole ya kasance mai warwaruwa, a rubuta shi, a kuma adana kayan da aka cire tare da motar. A 2019 ta bayyana cewa motar da aka mayar mai lantarki ta fita daga ma'anar motar tarihi a wurinta.

Kuɗi da doka

Kasuwar a-kori-kura ta bambanta da ta motocin alfarma. A wuraren gwanjo irin su Barrett-Jackson da ake yi a Scottsdale ta Arizona, C10 ko F-100 da ƙwararru suka sabunta takan fi wadda aka maido da ita tsada, saboda masu saye suna son motar da za su tuƙa kullum. Duk da haka tsadar sayarwa ba riba ba ce, domin kuɗin aikin yakan zarce abin da za a biya. Salo kuma yana tsufa: launi da ƙafafun da ake yayi a shekarun 1990 yanzu rage wa mota daraja suke yi, alhali motar asali ba ta fita yayi. A samfurin da ba a ƙera da yawa ba, kamar Chevrolet Cameo ta 1955 zuwa 1958 mai gefen akwatin kaya na faiba, asali shi ne darajar, yanka ta kuwa asara ce.

Doka ma tana da ta cewa. A Kalifoniya motar fetur ƙirar 1975 zuwa ƙasa ba ta shiga gwajin hayaƙi na lokaci-lokaci, abin da ya sa sauya mata inji ya fi sauƙi. A Birtaniya motar da ta kai shekara 40 tana samun sassaucin gwajin shekara-shekara muddin ba a yi mata babban sauyi ba cikin shekaru 30 da suka wuce. A Jamus lambar motar tarihi tana buƙatar shekara 30 da kuma kasancewa kusa da asali.

Yadda ake yanke shawara

Abu na farko da ake dubawa shi ne halin da motar take ciki. Wadda take cikakkiya, da injinta da takardunta, ta cancanci a adana ta ko a maido da ita, domin irinta raguwa suke yi kowace shekara. Wadda injinta ya daɗe da ɓacewa, tsatsa ta ci rabin jikinta, ba ta da sauran asalin da za a kare, sauya mata fasali shi ne zai mayar da ita kan titi. Na biyu shi ne amfanin da za a yi da ita, ko baje koli ko tafiyar yau da kullum. Na uku shi ne samuwar kayan gyara. Na Chevrolet da Ford ana ƙera sababbi kusan na kowane sashe, na Studebaker ko International kuwa nemansu ya fi wahala. Na huɗu shi ne kuɗi da haƙuri, domin motocin da aka kwance aka kasa haɗawa suna cike da kasuwa, ana sayar da su a arha.

Wannan lissafi ya shafi arewacin Najeriya ta fuskar Peugeot 404 da 504 a-kori-kura, waɗanda suka yi shekaru suna dako tsakanin ƙauyuka da kasuwanni bayan buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Waɗanda suka rage a kan hanya galibi larura ce ta sauya musu fasali, an ƙara musu sifirin, an dasa musu duk kayan da aka samu a kasuwannin kayan gyara na Panteka ko Ƙofar Ruwa. Wadda ta tsira da kayanta na asali ta zama abin tarihi, kuma ƙa'idar da ta dace da ita ita ce wadda ta dace da C10 ko F-100: a fara da birki da abin da ke kare rai, a ɗauki hoton komai kafin a kwance, a adana duk abin da aka cire, a kuma jinkirta duk wani yanka har sai an tabbatar babu wata hanya.