Setapak: Yadda makanikai ke gane ciwon inji daga ƙararsa

Unguwar Setapak tana arewa maso gabashin Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Malesiya. A da an san ta da haƙar kuza da gonakin roba, amma a yau babban titinta, Jalan Genting Klang, cike yake da garejoji da shagunan kayan gyara da wuraren sayar da motocin hannu. A kan wannan titi ne ofishin hukumar sufurin hanyoyi ta ƙasar, wato JPJ, reshen birnin tarayya yake. Ɗalibai kuma sun yi yawa a yankin, saboda kwalejin Tunku Abdul Rahman da aka kafa a 1969, wadda yanzu ta zama jami'a, da kuma Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, inda 'yan Najeriya da dama ke karatu.

Ɗalibin da ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi tsohuwar mota a irin wannan wuri, babu abin da ke tayar masa da hankali kamar ya ji injin ya fara bugawa. Dokar ƙasar ta tanadi a kai motar hannu cibiyar bincike irin ta Puspakom, wadda aka kafa a 1994, kafin a sauya sunan mai ita. To amma wannan bincike ya fi mayar da hankali ne kan lambar inji da lambar ƙashin mota da lafiyar gangar jikinta. Abin da ke faruwa a can cikin injin kuwa, sai kunnen bakanike.

Masana harkar injuna sun kasa wannan ƙara gida-gida, domin kowace da ciwon da take nunawa, kuma kuɗin maganinsu ya sha bamban ƙwarai.

Ta farko ita ce siririyar ƙara mai kama da an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. An fi jin ta idan direba ya taka totur da ƙarfi, ko yana hawan tudu da kaya, kamar hanyar da ta haura tsaunin Genting. Dalilinta shi ne wani ɓangare na fetur ya kama da wuta da kansa a cikin silinda, maimakon ya ƙone a tsanake daga tartsatsin fulogi. Fetur mara ƙarfi, ko zafin inji, ko daskararren baƙin toka a kan fistan, ko saitin wuta da ya yi gaba, duk suna haddasa ta. Ƙarfin fetur na jure wannan matsala shi ake aunawa da lambar RON da ake gani a gidajen mai. A Malesiya an maye gurbin RON92 da RON95 a shekarar 2009, akwai kuma RON97 mai tsada. Sababbin motoci suna da na'urar da ke jin wannan ƙara ta ja wutar baya da kanta. Amma Proton Saga ta farko, wadda aka ƙaddamar a 1985 zamanin Firayim Minista Mahathir Mohamad da injin Mitsubishi mai kafireto, ba ta da irin wannan na'ura.

Wannan matsala ta daɗe tana damun masu ƙera motoci. A 1921 wani injiniyan kamfanin General Motors a Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa sinadarin dalma yana kashe ƙarar, aka yi ta zuba shi a fetur shekara da shekaru, kafin a tabbatar da irin illar da yake yi wa ƙwaƙwalwar yara. Sai a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa an daina sayar da fetur mai dalma ga motoci a duk duniya, bayan da Aljeriya ta ƙarar da nata.

Ta biyu ita ce ƙarar "ƙyas-ƙyas" daga saman inji, wurin bawul. Sau da yawa saiti take buƙata ko canjin baƙin mai. Ta uku kuma ƙarar fistan ce da ya yi sako-sako a silinda, wadda ke fitowa da safe injin na sanyi, ta lafa idan ya ɗauki zafi. Mota takan yi shekaru tana aiki da ita.

Ta huɗu ita ce mai kisa. Ƙara ce mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana dukan ƙarfe da guduma, tana ƙara sauri gwargwadon yadda aka ba da wuta, kuma ba ta lafawa idan injin ya yi zafi. Wannan alama ce ta cewa mital ɗin da ke tsakanin konrod da karanshaf ya cinye. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ƙarafa ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma baƙin mai ne kaɗai ke hana su gogar juna. Injin da ke juyi 3,000 a minti ɗaya, karanshaf ɗinsa na zagayawa sau 50 ke nan a kowace daƙiƙa. Idan mai ya yi ƙasa ko famfonsa ya gaza, cikin ɗan lokaci mital zai narke, konrod ya karye, wani lokaci har ya fasa jikin injin ya fito waje.

Ƙwararren bakanike ba ya gaggawar kwance inji. Yakan fara da duba ma'aunin baƙin mai da fitilar mai a gaban direba. Sai ya ɗora bakin doguwar sukundireba a sassa daban-daban na injin, ya kara ƙotar a kunnensa, domin ya gane ko ƙarar daga sama take ko daga ƙasa. Daga nan yakan cire wutar fulogi ɗaya bayan ɗaya: silindar da aka kashe ƙarar ta ragu, nan ciwon yake. A ƙarshe ya tsiyaye man ya duba shi a rana. In ya ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli, magana ta ƙare. Wannan haƙuri yana da amfani, domin sau da yawa abin da ke ƙarar bai wuce kusoshin fulawil da suka kwance ba, ko murfin salansa da ke kaɗawa.

A Kuala Lumpur akwai ƙarin wani dalili, wato ruwa. Ambaliyar watan Disambar 2021 ta hallaka mutane fiye da 50 a ƙasar, ta kuma nutsar da ɗimbin motoci a yankin Kwarin Klang, sannan a watan Maris na 2022 wata ambaliyar ta sake mamaye titunan birnin. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan ya shiga silinda aka tayar da mota, fistan zai ci karo da shi, konrod ya lanƙwashe. Injin na iya tashi daga baya, amma da bugu a ciki. Saboda haka ake gargaɗin mai sayen motar hannu ya duba ƙarƙashin kafet da kujeru ko akwai alamar laka, ya kuma nemi a tayar masa da injin yana sanyi, ya saurare shi har ya yi zafi.

Darasin ɗaya ne ga direbobin Kano da Kaduna da Maraɗi, inda kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka ke cin abinci da injunan da suka buga. Gurɓataccen fetur da aka gauraya da kananzir yana jawo ƙarar farko, jabun baƙin mai da jinkirin sabis kuma suna jawo ta ƙarshe. A watan Fabrairun 2022 kamfanin mai na Najeriya NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol daga Beljiyam, bayan da masu motoci suka yi ta kukan lalacewar injunansu. Akwai kuma dabarar da wasu dillalai ke yi ta zuba mai mai kauri domin ƙarar ta kwanta har a gama ciniki, alhali ciwon na nan.

Shawarar da masana suka haɗu a kanta ita ce: in ƙarar mai nauyi ce daga ƙasa, musamman idan fitilar mai ta kama, a kashe mota nan take a nemi abin janta. Canjin mital kuɗi ne kaɗan idan aka kwatanta da sayen wani injin, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ba ta wuce tafiyar 'yan kilomitoci ba. Hausawa dai sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.