Jamus: Ƙasar da Ta Hana Iko Taruwa a Hannu Ɗaya

Tun daga shekarar 2008, yawancin baƙin da ke neman zama 'yan ƙasar Jamus sai sun zauna wata jarrabawa mai tambayoyi 33, kuma sai mutum ya ci aƙalla 17 kafin a ce ya haye. Ana tambayar sa wa ke zaɓen shugaban gwamnati, jihohi nawa ne a ƙasar, wane hakki kundin tsarin mulki ya ba shi. Wasu na ganin wannan wahalar da baƙo ce kawai. Ni kuwa ina ganin hikima ce babba, domin an gina mulkin Jamus ne bisa rarraba iko gida-gida, kuma irin wannan tsari ba ya ɗorewa sai talakawa sun san inda kowane iko ya fara da inda ya tsaya.

Jamusawa sun koyi wannan darasi ne da jini. Adolf Hitler ya zama shugaban gwamnati a watan Janairun 1933 ta hanyar da doka ta yarda da ita, kuma a watan Maris majalisa da kanta ta miƙa wa gwamnatinsa ikon kafa dokoki ba tare da ita ba. Kowa ya san abin da ya biyo baya. Saboda haka waɗanda suka rubuta kundin 1949 a birnin Bonn suka buɗe shi da kare mutuncin ɗan Adam a sashe na 1, sannan a sashe na 79 suka haramta taɓa wannan ginshiƙi da kuma tsarin tarayya, ko da kashi biyu cikin uku na majalisa sun so hakan.

A aikace, mai zaɓe yana kaɗa ƙuri'a biyu: ɗaya ga ɗan takarar mazaɓarsa, ɗaya ga jam'iyya. Majalisar Bundestag ce ke zaɓen shugaban gwamnati, shugaban ƙasa kuwa uba ne da ba ya tafiyar da mulkin yau da kullum. Majalisa na iya tsige shugaban gwamnati, amma da sharaɗin ta zaɓi magajinsa a ƙuri'a guda, don kada a rushe gwamnati a bar ƙasa babu jagora. Sau ɗaya tak hakan ya yi nasara, a 1982, lokacin da Helmut Kohl ya maye gurbin Helmut Schmidt. Jihohi 16 kuma su ke riƙe da makarantu da mafi yawan aikin 'yan sanda, suna da ƙuri'u 69 a majalisa ta biyu, Bundesrat, wadda dokokin da suka shafi kuɗi da ikon jihohi ba sa wucewa sai da yardarta. Sama da su duka akwai kotun tsarin mulki a Karlsruhe, mai alƙalai 16, inda talaka shi kaɗai zai iya kai ƙarar hukuma idan ta take masa hakki.

Masu suka suna cewa tsarin yana da nawa, kuma suna da hujja. Da wuya jam'iyya ɗaya ta samu rinjaye ita kaɗai, sai an yi ƙawance. Bayan zaɓen Satumban 2017, sai a watan Maris na 2018 aka kafa gwamnati, kuma ƙawancen shugaban gwamnati na lokacin, Olaf Scholz, ya watse a Nuwamban 2024 har aka yi zaɓe kafin wa'adi. Amma a duba abin da ya faru a waɗannan lokuta: an biya albashi, kotuna sun zauna, jihohi sun ci gaba da aikinsu, babu sojan da ya fito daga bariki. Jinkirin da ya tilasta wa 'yan siyasa zama su rubuta yarjejeniyar da jama'a za su karanta ya fi gaggawar da ke barin mutum ɗaya ya yanke wa miliyoyi hukunci. Wasu za su ce Najeriya ma ta yi mulkin tarayya irin na firaminista a zamanin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, bai hana juyin mulkin Janairun 1966 ba. Gaskiya ne, kuma hakan yana ƙarfafa batun ne: rubutu a takarda ba ya tsare kansa, sai da kotun da ake jin maganarta da jama'ar da suka san hakkinsu.

Shi ya sa dokar zama ɗan ƙasa take da nauyi. Gyaran da ya fara aiki a watan Yunin 2024 ya rage shekarun zaman da ake buƙata daga takwas zuwa biyar, ya kuma yarda mutum ya riƙe fasfon ƙasarsa ta asali. Sai dai har yanzu dole mai nema ya iya Jamusanci, ya iya ciyar da kansa, ya kuma amince da tsarin dimokuraɗiyya. Ana iya cewa jarrabawar hadda ce kawai, tunda an wallafa tambayoyin kowa na iya bitarsu. To, ko haddar ce, wanda ya san cewa ɗan sanda ba zai tsare shi ya wuce washegari ba tare da umarnin alƙali ba, ya fi ƙarfin a razana shi. Ƙasar da ta ɗauki sabon ɗanta a matsayin mai sa ido kan masu mulki, wajibi ne ta koya masa yadda mulkin yake tafiya, kuma wannan ilimi ya kamata ya kai ga haifaffen ƙasa kamar yadda ake neman sa wurin baƙo.