Tsagewar Leɓe da Ganɗa: Aikin da Ya Rage Bayan Tiyata

Daga cikin jarirai 700 zuwa 1,500 da akan haifa a duniya, akan sami guda ɗaya da ya zo da tsagaggen leɓe, ko tsagaggiyar ganɗa, ko kuwa duka biyun. Ganɗa ita ce rufin baki, wadda ta raba shi da kogon hanci. Leɓen sama yakan haɗe ne tsakanin mako na 4 da na 7 da shigar ciki, ganɗa kuwa kafin cikar mako na 12. Idan ɓangarorin biyu suka kasa haɗuwa a wannan lokaci, sai a haifi jariri da giɓi. Gado yana da hannu a ciki, haka kuma shan taba da wasu magungunan farfaɗiya ga mai juna biyu, amma ba aikin iska ba ne, ba kuma sammu ba.

Likitoci sukan ɗinke leɓe idan jariri ya kai wata 3 zuwa 6, ganɗa kuwa tsakanin wata 9 zuwa 18, watau kafin harshensa ya saba da kuskure. Ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a Amurka cikin 1999, tana ɗaukar nauyin irin wannan aiki a asibitoci da dama na Nijeriya. To, amma sau da yawa iyaye sukan ɗauka cewa da zarar an yi ɗinki shi ke nan. Ɗinki yana toshe giɓi ne kawai. Furuci kuwa sai an koyar.

Dalili kuwa shi ne, a ƙarshen ganɗa akwai wani sashe mai taushi da masana ilimin furuci ke kira hanɗa. Aikinta shi ne ta ɗaga ta rufe hanyar hanci yayin magana, domin iska ta taru a baki. A Hausa, "m" da "n" ne kaɗai baƙaƙen da iskarsu ke bi ta hanci. Idan hanɗa ba ta rufe ba, sai "b" ta koma kamar "m", "d" kuma kamar "n". Yaro zai so ya ce "baba" a ji "mama", ya nufi "dawa" a ji "nawa". Baƙaƙe irin su "ƙ" da "ts", waɗanda sai an matse iska a baki kafin su fito, sukan ba shi wuya ƙwarai. Da ya ga abin ya faskara, sai ya koma furta su daga maƙogwaro, ya sa hamza a gurbin "t" ko "k". Wannan ɗabi'a takan zauna ko bayan an yi tiyata.

Akwai kuma batun kunne. Tsokar ganɗa ce ke buɗe siririyar hanyar da ta haɗa kunnen tsakiya da bayan hanci. Saboda raunin tsokar, ruwa yakan taru a kunnen yawancin irin waɗannan yara, jinsu ya ragu. Wanda bai ji kalma sosai ba kuwa, ba zai maimaita ta daidai ba. Saboda haka wajibi ne a riƙa gwada jinsu a kai a kai.

Aikin mai gyaran furuci shi ne ya tantance asalin matsalar. Idan yaro ya saba ajiye harshensa ne a inda bai dace ba, horo zai gyara shi: akan fara da sauti ɗaya, a nuna masa a madubi yadda leɓɓa ke haɗuwa, daga nan a koma gaɓa, sannan kalma, sannan jimla. Idan kuwa hanɗar ce ta gaza tsawo ko motsi, babu horon da zai rufe ta, sai an sake tiyata. Abin lura kuma shi ne, hura balan-balan ko busa usur kaɗai ba ya gyara magana. Da magana ake koyon magana.

Masana wannan fanni ba su da yawa a ƙasar Hausa, don haka babban nauyi yana kan gida da makaranta. Ya kamata uwa ta riƙa yi wa ɗanta hira da tatsuniya da harshen da ake yi a gida, ta fuskance shi ya ga bakinta, ta maimaita masa kalma daidai ba tare da tsawa ba. Malami ya zaunar da shi a sahun gaba, ya ba shi lokaci ya ƙarasa zancensa, ya kuma hana 'yan aji kwaikwayonsa. Wanzamai da ungozomomi ma suna da nasu rabon: beli mai baki biyu yakan zama alamar ɓoyayyen giɓi a ƙarƙashin fatar ganɗa, kuma wanda ya ga haka sai ya tura jariri asibiti, kada a sa masa aska.

Daga ƙarshe, mafi yawan waɗannan yara ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take. Yaron da aka bari ba a fahimtar maganarsa yakan yi shiru a aji har a ɗauke shi daƙiƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka taimaka masa da wuri yakan shiga firamare yana magana kamar sa'o'insa.