Zubar Jini Mai Yawa da Sharaɗin Ƙarin Jini

Jikin baligi yana ɗauke da jini kimanin lita 5, kuma idan wani kaso nasa ya zube, ko a haɗarin mota ko a wurin haihuwa, jiki yakan fara kare kansa tun kafin taimako ya iso. A bangon manyan hanyoyin jini na wuya da na kusa da zuciya akwai jijiyoyin da ke auna ƙarfin gudun jini, waɗanda da zarar sun ji ya ragu sai su sanar da ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa a saki sinadarin adirenalin, wanda ke ƙara saurin bugun zuciya, ya kuma matse hanyoyin jinin fata da na hanji domin ɗan abin da ya saura ya ishi zuciya da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa tafin hannun mai zubar jini yake yin fari ya yi sanyi, gumi ya keto masa, ƙishirwa ta dame shi, fitsarinsa kuma ya ragu saboda ƙoda tana riƙe ruwa.

Abin tsoron shi ne wannan dabara tana ɓoye girman matsalar, domin awon ƙarfin gudun jini yakan ci gaba da nuna lafiya har sai an rasa kusan kashi 30 cikin 100, idan kuwa asarar ta haura kashi 40, to rai yana cikin haɗari. Mai jego ta fi kowa faɗawa wannan tarko, tunda jininta ya ƙaru lokacin goyon ciki, har takan iya zama tana amsa barka alhali zani na biyu ya jiƙe sharkaf a ƙarƙashinta. Likitoci suna ɗaukar zubar rabin lita bayan haihuwa a matsayin abin da ya wuce ƙa'ida, kuma irin wannan zuba ce kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya.

Ƙarin ruwa yana cike gurbi na ɗan lokaci, amma jajayen ƙwayoyin jini ne kaɗai ke kai iskar oksijin ga gaɓoɓi, saboda haka dole a nemo jini, kuma ba kowane jini ba. A shekarar 1901 Karl Landsteiner, wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, ya gano cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, waɗanda a yau ake kira A da B da AB da O, a 1940 kuma shi da Alexander Wiener suka bayyana alamar Rh, wadda ke raba kowane rukuni gida biyu, mai ita da marar ita. Wannan daban yake da gwajin AA da AS da SS na cutar sikila, duk da cewa jama'a da dama suna cakuɗa su. Idan aka ƙara wa mai rukunin O jinin A, garkuwar jikinsa za ta farfasa baƙin ƙwayoyin nan take, zazzaɓi da ciwon baya su taso, fitsari ya yi duhu, ƙoda ma tana iya tsayawa. Zumunci ba ya ɗauke wannan sharaɗi, domin jinin wa ko ƙane, har na uwa, yana iya saɓa wa na majinyaci, shi ya sa ake haɗa samfurin jinin biyu a ɗakin gwaji kafin a rataya ledar jinin.

Wannan gwaji yana cin lokacin da mai zubar jini ba shi da shi, don haka ya wajaba kowace mai ciki ta san rukuninta tun a wurin awo, mijinta da danginta kuma su je su ba da jini a ajiye kafin naƙuda ta tashi.