Kafin a Tsira Allura, a Ɗebi Jini

A Nasarawa ta Birnin Kebbi, kamar a Argungu da ƙauyukan fadamar Rima, zazzaɓi mai zafi kan sami suna tun ba a je asibiti ba: maleriya da taifot. Sai a nufi kemis a sayo Ampiclox ko Amoxil, ko a sa a yi allura. Sau da yawa akan dace. Amma akwai zazzaɓin da ƙwayoyin bakteriya ne suka shiga jini, jiki ya tashi yaƙarsu har ya shiga lalata ƙodarsa da huhunsa. Likitoci na kiran wannan hali sefsis, kuma mujallar Lancet ta ƙiyasta cewa ya kashe mutum miliyan 11 a duniya a 2017. Gwajin Widal da aka saba yi ba ya ganin ƙwayar, martanin jiki kawai yake aunawa, don haka ba zai faɗi maganin da zai kashe ta ba.

Abin da ke faɗa shi ne shukar jini. Ana zuba jinin majinyaci a kwalba mai abincin ƙwayoyin, a ajiye a na'ura mai ɗumi irin na jikin mutum. Idan sun tsiro, sai a shafa su a faranti a gane nau'insu, sannan a jera musu ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna, a ga wanda ya hana su yaɗuwa. A tsohon tsari wannan kan ci kwana uku ko fiye, alhali wani bincike na 2006 ya nuna cewa idan sefsis ya kai ga faɗuwar jini, kowace awa ta jinkirin maganin da ya dace na rage damar rayuwa da kusan kashi 8 cikin 100. Gaskiya ne likita ba ya jiran sakamako, kuma bai kamata ya jira ba; nan take yake ba da maganin da ya fi zato. Damuwar ita ce zaton ya fara kuskurewa. Binciken BARNARDS kan jarirai, wanda Asibitin Murtala na Kano ke cikinsa, ya gano cewa mafi yawan ƙwayoyi irin su Klebsiella sun daina jin amfisilin da jentamaisin, magungunan da aka saba farawa da su. Jaririn da aka ɗora a kan maganin da ba ya ci, kwana ukun nan sun yi masa yawa.

Da an yi zancen sauri sai hankali ya tafi ga MALDI-TOF, na'urar da ke gane ƙwaya cikin mintuna, sai a ce ai wannan sai Turai. Tsadarta gaskiya ce, amma a ganina ba can Kebbi ya kamata ta fara ba. Rinin Gram, wanda aka sani tun 1884, cikin kwata ɗin awa yake raba ƙwayoyin gida biyu da zarar kwalba ta nuna tsiro, kuma wannan kaɗai kan sa likita ya sauya magani, in har an buga masa waya a lokacin, ba a bar takarda ta kwana ba. Tun 2018 kuma kwamitin EUCAST na Turai ya fitar da hanyar shafa jinin kwalbar kai tsaye a faranti, a karanta cikin awa 4 zuwa 8, muddin an san nau'in ƙwayar. Abin da ake bukata shi ne kwalabe, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikacin da ke kwana a ɗakin gwaji. Waɗannan ba su fi ƙarfin Asibitin Sir Yahaya ko babban asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi ba.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne ƙorafi mai nauyi: talakan da ke neman na ƙarin ruwa, ina ya ga na kwalba? Amma iyalin da suka sayi allura iri uku a makance sun riga sun biya fiye da haka. Gwamnati ce ta dace ta ɗauki kuɗin, musamman na jarirai, domin sakamakon da ya taru shi zai nuna wa likitocin jihar maganin da har yanzu ke ci a nan. Argungu kuwa ba sai ta jira nata ɗakin ba. Kwalba kan jure tafiyar awa guda zuwa Birnin Kebbi, in dai ba a sa ta a firiji ba, kuma an ɗebi jinin kafin allurar farko.